Makullin Ɗakin Kawu Isiyaku

Tun da na dawo daga Gana ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta Unguwar Kanawa a nan Kaduna, duk wanda ya zo bayan la'asar da abin da yake fara gaisuwa ke nan: "Malam Sabi'u, ina tsarabar gado?" A ofis ma haka. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura labarin yana ƙiba idan ya bar bakina, har na ji an ce wai na gaji gida biyu da gonar koko. To ga yadda aka yi, sau ɗaya. Wanda ya sake tambayata zan miƙa masa wannan takarda in ci gaba da shan shayina.

Kawu Isiyaku ƙanin mahaifiyata ne. Malamin allo ne a Unguwar Shanu. Matarsa ta rasu wurin haihuwa, ita da abin da ke cikinta, bayan an yi arba'in ya naɗe buzunsa ya ce zai je ziyara Gana. Ina firamare a lokacin. Bai sake dawowa ba. Da wayar hannu ta zo, yakan kira Inna, wato mahaifiyata, sallah-sallah. Ita ta raine shi bayan rasuwar iyayensu, don haka kunyarta yake ji kamar uwa. Gaisuwa, addu'a, a gaida yara, ya kashe. Inna takan ce, "Ya iyali?" ya ce, "Lafiya lau." To wa ba ya amsa haka? Ko gwauro ka tambaya abin da zai ce ke nan. Mu dai a gidanmu an daɗe da yanke cewa Kawu ya haƙura da aure.

Wani liman ne ya kira ya sanar da rasuwar, layi yana yankewa, ya ce an riga an yi masa sutura. Muka yi zaman makoki a gidan Inna a Hayin Banki. Bayan wata biyu sai ga wasiƙa daga wani ofishin gwamnati na can, da Turanci, da hatimi biyu. Ta ce Isiyaku ɗan Najeriya ya rasu a asibiti, ba a san masa mata ko ɗa a rubuce ba, sunan ɗan'uwa da ya bari a tsohon katinsa na Inna ne. Bisa dokar baƙon da ya mutu a ƙasar da ba tasa ba, ofishin ya rubuta kayansa, ya kulle ɗakinsa, makulli yana hannunsu har sai magaji ya zo da shaida daga ƙasarsu.

Inna ta haura tamanin, ƙafa ba ta kai ta ko Kawo balle Gana. Ta ce, "Sabi'u, kai ne ɗan takarda. Je ka rufa masa asiri, kada a baje littattafansa a titi."

Ɗan takarda kam ni ne. Shekara ashirin da takwas ina ɗakin fayil a ma'aikatar gwamnati, kuma ba na yi wa takarda mai hatimi gardama. Na haɗa wasiƙar mai unguwa, da takardar wakilci da Inna ta dangwala wa yatsa, da hotuna. Saura takardar rantsuwa. A bakin kotu akwai masu buga takardu a ƙarƙashin rumfa, kowa da kwamfutarsa. Wanda na je wurinsa ya ce, "Ta mamaci ce? Akwai ta a shirye, suna kawai za mu canja." A cikin layukan da ke shirye akwai wanda ya ce mamacin bai bar mata ko 'ya'ya ba. Na gan shi sarai. Ban tsaya ba, tun da wasiƙa mai hatimi biyu ta riga ta faɗa. Na yi alwala, na dafa Alƙur'ani, na rantse, aka buga hatimi na uku. Duk wannan ya ci mini wata ɗaya da rabi, kuma na yi alfahari da saurina.

Na ɗauki hutun mako biyu, na hau doguwar bas ta Legas. Ba abin faɗa a wannan hanyar sai ciwon baya. Abu ɗaya ne kawai: tun daga Abuja nake jin wari, ina harar mutumin da ke gefena, shi ma yana harata. Sai da muka sauka na buɗe jaka na ga Inna ta cusa mini ƙullin daddawa a kai wa maƙwabtan da suka yi wa Kawu sutura, kuma ba ta ga wurin sa shi ba sai cikin aljihun da fayil ɗina yake. Takardun da na yi wata ɗaya da rabi ina lallaɓawa duk sun koma kamar an tsamo su daga miyar kuka. Na nemi mutumin in ba shi haƙuri, ya riga ya tafi.

A Agege na kwana wurin wani ɗan Zariya mai sayar da huluna, da safe ya kai ni inda ake shiga ƙananan motoci masu zuwa Akara. Mu shida ne da direba. A gefena wata Hajiya Talatu ce, 'yar Kawo, mai fataucin atamfa, wadda ta ce hanyar nan ta fi sanin ta a kan hanyar gidan surukanta. Ta dubi fayil ɗin da na rungume, ta dubi takalmina sau-ciki da na goge, ta ce, "Malam, ma'aikaci ne kai ko? Allah Ya sa kada ka makarar da mu."

Na makarar da su kuwa. Iyaka uku ake tsallakawa kafin Gana, kuma a ɗaya daga ciki, ba zan faɗi wacce ba, bayan an duba fasfo da katin rigakafi lafiya lau, sai ga wani mutum ba kaki ba komai, ya ɗaure igiya a hanya, ya ce a ba da na igiya. Kowa ya miƙa. Ni na ce a ba ni rasit. Ya ce me? Na ce rasit. Ya kira wani, wanin ya kira wani, aka taru ana kallona ana yare. Muka yi kusan awa biyu a rana. Ƙarshe Hajiya Talatu ta fito daga mota, ta sallame shi a madadina, ta kama hannun rigata kamar ɗan da aka ɗauko daga makaranta.

"Rasit!" in ji ta. "Igiya ce za ta ba ka rasit? Wallahi da mijina ne kai da a nan zan bar ka."

Ni dai har yau ina kan bakata: abin da aka karɓa ba rasit, ba a karɓe shi ba bisa ƙa'ida.

Kwatano gari ne na babura. 'Yan acaɓansu duk riga ɗaya suke sawa, ruwan ɗorawa, da lamba a baya, abin da na ce da za a kawo Kaduna da an huta. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ga tauri, sai ka jiƙa shi a shayi kafin ya yarda da kai. Faransanci kuwa ban san ko "zo" ba, amma duk inda muka tsaya sai ka ji wani ya ce "sannu da zuwa", ko mai canji ko mai tsire. Togo ba ta da faɗi. Na ɗan rufe ido na buɗe, aka ce mun gama ta.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a Gana shi ne mutuwarsu, ina nufin ta waɗanda ba Musulmi ba. A bakin titi za ka ga hoton mutum ƙato, ya yi murmushi, ka zaci ɗan takara ne, ashe mamaci ne ake gayyatar jana'izarsa. Hajiya ta ce sai a ajiye gawa a firji wata biyu, wata uku, ana shiri, ana jiran 'yan'uwa daga Turai. Ranar Asabar muka shiga, ko'ina rumfuna, mutane cikin baƙi da ja, ga kiɗa ga rawa. Na ce mu da muke binnewa kafin a gama jin labari, su kuma ga su. Ta ce, "Kowa da yadda yake kukansa, Malam." A Akara muka rabu, ta ba ni lambarta, ta ce in na sake neman rasit kada in kira ta.

Washegari na hau motar Kumasi, daga can kuma wata ƙarama zuwa garin da Kawu ya zauna. A tasha na ci dokunu, wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi da baƙin yaji. Na farko ban so ba, na biyu na nemi ƙari. Unguwar Musulmi a can Zango ake ce mata, kuma Hausa ake yi, sai dai Hausar da ta daɗe a waje. Da na tambayi gidan Liman Haruna, wanda ya kira mu, mutum huɗu suka raka ni, kowa yana ba ni labarin Kawu. Kusan duk wanda bai kai arba'in ba a unguwar a gabansa ya yi karatu.

Liman dattijo ne siriri, mai yawan dariya. Ya sauke ni a ɗakin zaurensa, aka kawo shinkafa da wake mai launin ja, da taliya da gari da ƙwai duk a kwano ɗaya. A Kaduna da an ce mai girkin ta rikice, amma ya yi daɗi. Na ba shi daddawar Inna, na ji kamar an sauke mini dutse. Da safe bayan mun karya da koko, ya sa hularsa ya ce, "To, tashi mu je ka yi wa matar gaisuwa kafin ka tafi ofis."

Na ce, "Wace mata?"

Ya tsaya da hannu a kan hula. "Matar kawunka mana. Mma Adiza."

Na ce ai Kawu ba shi da mata. Na faɗa da ƙarfina, har ina dafa fayil. Liman ya dube ni ya ce, "Innalillahi. Ashe bai taɓa faɗa muku ba? Mu kuma nan muna cewa kun sani kun yi shiru." Shekara talatin da ɗaya da auren. Da 'ya ɗaya, Ramatu, tana aure a wata unguwa, da 'ya'yanta biyu.

Gidan irin na haya ne mai tsakar gida, amma ɗaki ciki da falo na ƙarshe Kawu ya saya tun da daɗewa. A gaban ɗakin akwai baranda inda yake koyarwa. Ƙofar da ƙaton kwaɗo, an manna takarda mai hatimi a kan haɗin ƙyauren. Rabin barandar an kewaye shi da zana da buhunan leda. A ciki akwai tabarma, da katifa 'yar siririya, da buta, da tukwane biyu. A nan matar Kawu take takaba.

Liman ya yi mini bayani a hanya. Ranar da ma'aikatan suka zo kullewa ta ce musu ita matarsa ce. Suka ce ina takardar aure? Babu. An ɗaura a masallaci, an raba goro, an yi fatiha, kamar yadda ake yi wa kowa. Suka ce su ba su ƙi ba, amma abin da ba ya rubuce ba za su iya rubuta shi ba. Suka bar ta ta kwashe tufafinta da tukwanenta, suka kulle. Ramatu ta yi ta roƙonta ta koma gidanta, Liman da kansa ya ce mata lalura ce, shari'a ta yarda ta tashi. Ta ce takaba a gidan miji ake yi, in an hana ta ciki ba a hana ta bakin ƙofa ba. Ga damina, kuma ruwan can ba irin namu ba ne, yana iya wuni yana zuba. Ranar da na je saura mata kwana goma sha shida ta fita.

Na durƙusa daga wajen zanar na yi gaisuwa. Ta amsa a hankali, kanta a ƙasa. Gajeruwar mace ce, ta kai sittin, zane ɗaya mara ado a jikinta, tana ɗan tari. Ta tambayi Inna da sunanta. Ta san Hayin Banki, ta san Unguwar Shanu, ta san sunana da na ƙannena, har ta san na taɓa karyewa a hannu ina yaro. Duk Kawu ya faɗa mata. Mu kuwa ko sunanta ba mu taɓa ji ba.

Ana cikin haka Ramatu ta shigo da kwanon abinci. Ba sai an gaya mini ba, goshin Kawu ne da tafiyarsa. A al'ada taubashiyata ce, da a gida ne da tsokana za mu fara. Ba ta tsokane ni ba. Ta ce, "Yaya, sannu da zuwa. Kai ne mai gadon?" Na ce a'a, ni ɗan aike ne. Ta ce, "To ɗan aike, a taimaka a buɗe mata ƙofa. Ba mu son komai a ciki. Ta kwana a ɗakin mijinta ko na mako biyu ne."

Ofishin yana babban gari, tafiyar awa ɗaya. Tsohon gini ne mai dogayen tagogi. Wadda ke riƙe da fayil ɗin Kawu wata mata ce mai gilashi, kowa Madam yake ce mata, ni kuma ta dinga ce mini Alhaji duk da ban je ba. Zan faɗi gaskiya, ɗakin fayil ɗinta ya fi nawa tsari. Cikin minti uku ta ciro na Kawu. Ta jera takarduna a tebur, ta ɗan shinshina iska, ta bi su layi-layi da bayan biro.

"Alhaji, takardunka sun cika," in ji ta. "Ba kasafai ake kawo mini cikakku haka ba. In sa hannu, ka sa hannu, ka tafi da makulli yau."

Da a ce jiya ne da na ji daɗin yabon. Na ce mata akwai matsala, mamacin yana da mata da 'ya, na gan su da idona. Ta cire gilashi ta ajiye. Ta ce ta sani, ita ma ta gan su, ita ce ta je kullewar. Ta jawo wani littafi daga kanta, bangonsa ya ci ɗinki ya fi sau uku, ta buɗe mini. Ta ce dokar tun ta zamanin Turawa ce. Asali don mutanensu suka yi ta, wanda ya mutu a nan nesa da gida, kotu ta tattara akwatunansa ta tsare har danginsa su aiko daga can, don kada a wawashe. Daga baya ta hau kan kowane baƙo. Akwai kuma wata 'yar'uwarta, ita ma tun ta lokacin, da ta ce auren Musulmi sai an kai shi an rubuta cikin mako guda da ɗaurawa, in ba haka ba ofis bai san da shi ba. Na ce wa yake yin haka? Ta ce kusan babu, shi ya sa take ganin irin wannan.

"Ba ni na rubuta ba, Alhaji. Da kujerar na gaje shi."

Sannan ta shimfiɗa mini hanya biyu, ba ta ɓoye komai ba. Ta farko, in bar takardar rantsuwata yadda take, in karɓi makulli a matsayin wakilin magajiya ɗaya tilo, a rufe fayil. Wanda na ba makullin bayan na fita ba ruwanta. Ta biyu, in janye rantsuwar a rubuce. In na yi haka fayil ya bar hannunta ya tafi kotu, sai an kawo shaidun aure, sai an kawo sabuwar rantsuwa daga Kaduna, sai alƙali ya zauna. Na ce kamar kwana nawa? Ta ce in daina maganar kwana, in yi maganar watanni. Har lokacin kwaɗo yana nan.

Na ce ta ba ni zuwa gobe.

Ba zan yi wa kaina ado ba, a motar komawa na riga na zaɓi ta farko. Hutuna yana ta tafiya, matar tana tari, makulli yana nan a aljihun tebur. Rantsuwar kuwa ai ban san ƙarya ba ce lokacin da na yi ta. Na shirya maganata tsaf, yadda nake shirya wa darakta bayani idan ina son ya sa hannu ba tare da ya karanta ba.

Bayan la'asar muka zauna a benci a gaban barandar, ni da Liman da Ramatu, Mma Adiza tana daga cikin zana. Na faɗi hanyoyin biyu, na ɗan danna ta farkon. Ramatu ko bari in rufe baki ba ta yi ba.

"Karɓo makullin, Yaya. Gobe-goben nan. Takarda ce, wa zai ci ta?"

Na dubi Liman. Ya shafa gemu, ya ce rantsuwar da aka yi cikin rashin sani babu laifi a kanta, amma a ci moriyarta bayan an sani, wannan wani abu ne daban. Sai kuma ya dubi ledar da ke ɗigar ruwa ya ce, amma fa ga lalura. Ban taɓa ganin malami ya rasa fatawa a gabana ba sai ranar.

Daga cikin zana Mma Adiza ta ce, "Ɗana."

Na ce, "Na'am, Mma."

"Takardar da za ta buɗe ƙofar nan, ni wace ce a cikinta?"

Na ce, "Ba kya ciki, Mma."

"Ramatu fa?"

"Ita ma ba ta ciki."

"Me ta ce a kansa?"

Na so in zagaya, ban samu hanya ba. Na ce, "Ta ce bai bar mata ba, bai bar ɗa ba."

Wata maƙwabciya da ke wanke-wanke a tsakar gida ma ta tsaya.

"To in na shiga da wannan makullin," in ji ta, "takabar wa zan ƙarasa a ciki? Ta mutumin da ba shi da mata?"

Ramatu ta fashe da kuka. "Mma, don Allah! Kowa a Zango ya san ke matarsa ce. Ruwa yana dukanki, kina tari, saboda layi ɗaya a takardar da ko karanta ta ba za ki iya ba?"

"Waɗanda suka sani mutuwa suke yi," in ji Mma Adiza. "Waɗanda suka zo ɗaurin auren saura mutum ɗaya. Takardar tana nan bayansu. 'Ya'yanki za su girma su tarar an rubuta kakansu bai haifi kowa ba." Ta yi tari, ta gyara zama. "Na yi wata uku da rabi a nan. Kwana goma sha shida ba za su kashe ni ba. Ɗana, je ka gyara."

Na ji kunya. Ba irin wadda ake ji a gaban surukai ba, kunya ta gaske, wadda take sa mutum ya rasa inda zai sa idonsa. Ni da nake tsayar da mota awa biyu a kan rasit, ni ne na zo da shirin shafe mace daga aurenta don in kama motar gida da wuri.

Da safe na koma ofis na rubuta janyewar da hannuna. Madam ta karanta, ta ce, "Ka san abin da wannan yake nufi?" Na ce na sani. Ta buga hatimi, ta mayar da makullin cikin ambulan, ta rubuta mini jerin abin da kotu za ta nema. Da zan fita ta ce in gaida mata matar. Ragowar kwanakina biyu na yi su wurin neman shaidan da ya rage, wani Baba Musa mai goro, ido ya tafi amma kai garau. Ya ce yana tune da auren sarai, shi ya sayar da goron, kuma Malam Isiyaku ya yi ta ciniki kamar ba ango ba. Muka kai shi gaban lauya aka rubuta maganarsa tun yana da rai. Ramatu ba ta yi mini magana ba sai a tasha, inda ta miƙo mini ƙullin yaji ta ce a kai wa gwaggonta.

Dawowa ba labari. Na biya na igiya ban ce uffan ba.

Inna na fi jin tsoro. Na same ta a tsakar gida tana tsintar shinkafa, na zauna na faɗa mata komai daga farko. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta daɗe tana kallon faranti, sannan ta ce, "Ja'iri. Shekara da shekaru ina tambayarsa iyali." Sai hawaye. Da ta share ta ce, "Yarinyar tana kama da shi?" Na ce kamar an tsaga kara. Ta ce a kira mata su. Aka kira, ita da Mma Adiza suka yi ta gaisuwa suna maimaitawa, kowacce ta rasa ta inda za ta fara. Kashegari ta sa na kai ta kotu a keke napep, ta dangwala yatsa a kan sabuwar takarda, ta ce abin da shari'a ta ba ta a bar wa Ramatu. Ni ma na sake rantsuwa. Mai bugawa ya ce akwai ta a shirye, na ce ya goge, mu fara daga layin farko.

To masu tambayar tsaraba, abin da na kawo ke nan: ƙullin yaji, kuma Inna ta hana kowa taɓawa.

Ranar da Mma Adiza ta fita takaba Ramatu ta kira ni. Na tambaya ko an buɗe, duk da na san amsar. Ta ce a'a, kwaɗo yana nan, an sa zaman farko bayan babbar sallah. Ta ce Mma ta yi wanka, ta sa sabon zane a bayan zanar, ta share barandar tas, sannan ta yarda ta bi ta gida. Tarin bai sake ta ba, suna zuwa asibiti.

Ta ce kuma sammacin kotu ya iso ana saura kwana biyu a fita takabar. Da sunan Mma a sama, a ƙarƙashinsa an rubuta matar mamaci. Ramatu ta karanta mata ta fassara. Mma ta ce a sake karanta mata wurin. Aka sake. Sai ta karɓi takardar ta ninke, ta ɗaure a bakin zaninta, ta ce a ɗora mata ruwan koko.